Zuwa ga Edita: Irin lambu a cikin ɗaki yake mutuwa tun kafin ya ga ƙasa

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan sam min fili in yi magana da 'yan uwana masu lambu, musamman mu na nan wajen Kura da Kadawa da Garun Malam da muke noma da ruwan Tiga, da duk wanda ke da ɗan fegi a bayan gida, har da iyayenmu mata masu shuka alayyafo da kuɓewa a tsohon bokiti a tsakar gida.

Kusan duk sati ina duba shafinku na noma, Allah ya saka da alheri, amma in faɗa maka gaskiya ranka ya daɗe maganar ba ta wuce uku, taki ya yi tsada, bashi bai iso hannun manomi ba, sai kuma hoton manya sun sha babbar riga suna yanka ƙyalle a gaban tarakta. Duk babu ƙarya a ciki. Amma ban taɓa ganin an zauna an yi mana bayanin yadda mutum zai shanya irinsa ya ajiye shi har ya kai wata shekara ba, alhali wannan ba sai an jira gwamnati ba, ba sai an cike fom ba, abu ne na faifai da kwalba da toka.

Ni abin ya taɓa ci na ne shi ya sa nake magana. Shekara uku kenan, na ce na gaji da sayen irin albasa, bari in fitar da nawa. Na zaɓi manyan albasa masu kyau na mayar da su ƙasa, suka yi zangarniya suka yi fure fari tas gwanin sha'awa, wajen ƙarshen watan Maris na yanke kawunan na baza su kwana biyu kacal, na murje na sheƙe, na zuba a baƙar leda na ƙulle tamau na cilla saman durowa a ɗakina mai rufin kwano wanda ko silin babu, ina ta murna wai na yi dabara. Da Satumba ta zo lokacin zuba iri na kwance ledar nan sai wani wari ya buge ni kamar na tsohon daddawa, ƙwayoyin sun dunƙule sun manne da juna, amma saboda taurin kai na zuba a haka. Kwana goma ina ban ruwa safe da yamma, abin da ya fito wallahi da yatsa za ka ƙirga. Na ruga kasuwa na sayi gwangwani biyu a hannun wani bawan Allah da ya rantse min cewa na bana ne, ashe tsoho ne aka gauraya da ɗan sabo, shi ma ya fito tsilli-tsilli kamar gemun ɗan akuya. Kafin in samu na kirki in sake zubawa maƙwabtana har sun fara shirin dashe, ni ko na makara da sati uku, kuma duk mai noman albasa ya san me sati uku ke nufi.

Wani dattijo tsohon malamin gona da muke sallah a masallaci ɗaya shi ya zaunar da ni. Ya ce min kai malam, iri fa rai gare shi, barci yake yi kawai, kuma yana numfashi a hankali yana cin ɗan guzurin da Allah ya ajiye masa a cikin ƙwayar. In ya ji danshi da ɗumi sai ya ɗauka damina ce ta zo, numfashin ya ƙaru, ya cinye guzurin tun yana cikin leda, ga fumfuna ta samu wurin zama, ranar da ka kai shi ƙasa ba shi da sauran ƙarfin da zai fasa. Daga baya yarona da ke karatun noma a Samaru ta Zariya ya ƙara min da wata ƙa'ida da ake koya musu ta wani masani ɗan Amurka mai suna Harrington, cewa duk sanda ka rage danshin cikin iri da kashi 1 cikin 100 kusan ka ninka tsawon ransa ne, haka nan duk sanda ka rage zafin wurin ajiya da digiri 5 ka sake ninkawa. To ka juya lissafin ka gani, ni na ƙulle iri da sauran ruwa a jikinsa, na kuma ɗora shi a wurin da ya fi ko'ina zafi a gidan, ƙarƙashin kwano a watan Afrilu lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40 a inuwa ma. Ai ni na kashe abina da hannuna, ba wani maye ko sammu.

Abin da na lura da shi tun daga nan, wanda ban ji ana faɗa ba, shi ne mu nan iri biyu muke ajiyewa kuma kowanne da abokin gabarsa. Na damina, wato kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, kabewa, wake, da kaka ake cire su, suna shiga ɗaki hunturu na shigowa, iskar nan da ke fasa mana leɓe da kaushi ita ce ke busar da su kyauta, shi ya sa tsofaffi ke rataye ƙwanson kuɓewa a jikin danga ko a madafi su manta da shi kuma ya fito lafiya lau. Shi wannan zafin bazara da ƙwari da ɓera ne matsalarsa. Amma na rani, tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, latas, sai Maris zuwa Afrilu ake fitar da shi, kuma ba za a zuba ba sai wajen Satumba ko Oktoba, kenan dole ya ƙetare damina gaba ɗaya a ɗaka, ya sha markar watan Agusta lokacin da gishiri ke narkewa a kwano, ashana ta ƙi kamawa, takalmin fata ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Iri kuwa kamar gishirin yake, ko ka busar da shi ƙamas in ka bar shi a buɗe ko a ƙullin tsumma zai sake zuƙar danshin iska. To dabarar kakanninmu ta rataya a tsumma ta dace da na damina, amma da muka ɗauko ta muka ɗora wa irin rani sai ta ba mu kunya, mu kuma da muka koma leda sai muka ƙulle da danshi, ka ga an gudu ba a tsira ba.

Wajen shanya nan ne ɓarnar ta fi yawa. Mun saba da shanya tattasai da barkono a gefen kwalta ko kan rufin kwano, wanda za a daka a zuba a miya ba laifi in ban da ƙura da kashin awaki, amma wanda za a shuka dan Allah kar a yi masa haka. Kwaltar da ƙafarka ba ta iya takawa da azahar, ita ce za ka shimfiɗa wa jiƙaƙƙen iri? Dafa shi kake yi. Kuma iri ya fi jin zafi lokacin da yake ɗanye sabon wankewa. Ni yanzu a faifai nake bazawa ko kan tsohon gidan sauro da na ɗaure a katako, a baranda inda iska ke wucewa, in bar shi ya sha hantsi kaɗan sannan in ja shi inuwa, ina motsa shi da yatsa sau biyu ko uku a rana don kar ya dunƙule, da magariba in shigar da shi saboda raɓa da kaji. Sati guda zuwa kwana goma, ba kwana biyu ba irin wautar da na yi. Kar a shanya irin tumatir a kan takarda ko jarida (yi haƙuri Malam Edita, ba raini ba ne) don mannewa yake yi sai ka ɓanɓaro da ƙyar.

Shi tumatir ma yana da nasa aikin daban wanda da yawa ba sa yi. Wannan yauƙin da ke lulluɓe da ƙwayar shi ke hana ta tsirowa a cikin ɗan itacen, in ka shanya da shi sai ya bushe ya zama kamar ƙaro kuma yana riƙe cuta. Sai ka samu nunannun tumatir jajur, ka matse 'ya'yan da ruwansu a roba, ka rufe da tsumma ka ajiye a inuwa kwana biyu, in da sanyi uku, kana juyawa, za ka ga ya yi tsami ya taso da kumfa da wani farin abu a sama, kar ka tsorata haka ake so. Sai ka ƙara ruwa ka dama, mai kyau ya nutse ƙasa, fanko da dusa su taso ka tsiyaye, ka maimaita har ruwan ya yi fari. Amma kar ka wuce kwana uku a wannan zafin namu, in ba haka ba zai fara tsira a cikin robar. Gurji da kokwamba ma haka, sai dai su sai an bar su a jikin yaɗo sun wuce ci, sun yi ruwan ɗorawa. Gauta da yalo ma sai sun tsufa sun canza kala. Tattasai da attaruhu ba sa buƙatar tsimawa, a bar su su yi ja sosai a jikin uwar, a tsaga a karkaɗe, kuma in attaruhu ne kar ka sosa ido, na faɗa maka. Kuɓewa a bar ƙwanson ya bushe a jiki har ya fara tsagewa. Alayyafo da latas a yanko kan a zura a buhu a rataye, da kansu za su zube.

Albasa kuwa ita ce sarauniyar gajen haƙuri. Irin tumatir in ya samu ajiya yana kai shekara 4 da ransa, kuɓewa da tattasai su yi 2, amma na albasa da ƙyar yake wuce shekara 1 ko da ka lallaɓa shi. Shi ya sa mai sayar da tsohon irin albasa ya fi kowa zalunci a kasuwa, domin ido ba ya rarrabe baƙin irin bana da na bara. Mutanen Galmi a Nijar da suka yi suna a duniya da albasarsu, da na Aliero a jihar Kebbi, ai ba a banza sunansu ya kai inda ya kai ba, iri suka riƙe.

Wani kuskuren namu kuma, sai mun gama tsinka mun kai Kwanar Gafan ko 'Yan Kaba mun sayar da masu kyau, sannan mu dawo mu tsinci ragowar ƙarshe, 'yan ƙanana da masu tabo waɗanda dillali ya ƙi, mu ce wannan na iri ne. Haba jama'a. Wa ya taɓa yanka manyan raguna ya bar gurgu ya hau tumaki? Tun gona tana ganiyarta ya kamata ka zaga ka ɗaura ƙyalle a jikin tushen da ya fi lafiya ya fi 'ya'ya, wanda ganyensa bai nannaɗe ba, ka hana yara taɓa shi, kuma daga tushe da yawa ba guda ɗaya ba. Sannan ka kula da maƙwabtaka, tattasai in yana kusa da barkono ƙudan zuma na haɗa su aure, baɗi ka shuka tattasai ka ji yana yaji ka rasa dalili. Kabewa ta fi kowa wannan yawon.

Sai maganar irin gwangwani da na 'yar leda mai hoto. In ka ga an rubuta F1 a jiki to haibirid ne, na aure, shekarar farko zai ba ka mamaki amma 'ya'yansa ba sa gado, in ka fitar da iri daga shi baɗi za ka ga gona kamar taron kasuwa, wani dogo wani gajere wani ba 'ya'ya. Ba cuta ba ce, haka halittarsa take, sai dai ka sake saya. Wanda ake fitar wa iri shi ne tumatir irin su Roma da UC82B wanda muke ce wa UTC, da namu na gida.

To ya za ka san ya bushe? Manyan ƙwayoyi irin wake da kuɓewa ka sa haƙori, in ya fashe ƙas ya yi, in haƙori ya lotsa shi da saura. Na kabewa da kankana ka lanƙwasa, ya karye ba ya tanƙwaru ba. Akwai kuma gwajin gishiri da malaman gona ke koyarwa, ka samu busasshiyar kwalba ka zuba gishirin da ka soya ya huce cokali ɗaya, ka zuba irin ka rufe ka girgiza ka ajiye ɗan lokaci, in ka ga gishiri ya manne a jikin kwalbar to akwai sauran ruwa, a koma faifai.

In ya bushe ɗin sai a rufe shi ruf yadda iska ba za ta shiga ba, kuma a nan ne kwalba ta fi leda, don leda ɓera na huda ta, tururuwa na huda ta, kuma siririyar ledar nan danshi na ratsa ta a hankali. Kwalbar Bama da uwargida ta gama da ita, gwangwanin madara mai murfi, ƙaramar jarka, duk sun isa. Ni ina ƙunsa kowane iri a takarda in rubuta sunansa da wata da shekara, don wallahi bayan wata shida ba za ka bambance irin tattasai da na attaruhu ba, sannan in jera su a kwalba, a ƙasa in zuba tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi ko gawayin da ya sha rana ko soyayyar shinkafa a ƙullin tsumma don su shanye sauran danshi, 'yan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi ma aikinsu kenan kar a yar. In sa leda a bakin kwalbar kafin in murɗa murfi, wani lokaci har in ɗiga kyandir a gefe. Wurin ajiya kuma ɗakin ƙasa ko soro ya fi na kwano nesa ba kusa ba, a ƙasa-ƙasa cikin duhu kan ɗan katako, ba kusa da randa ba, ba kusa da murhu ba. Kuma a daina buɗewa ana leƙe da damina, duk buɗewa ɗaya sabuwar iska mai laima ka zuba masa. Firji yana da kyau ga mai tsayayyiyar wuta, amma irin wutarmu mai zuwa da ɗaukewa sai ya yi sanyi ya yi gumi ya yi sanyi ya yi gumi, gara ƙarƙashin gadon tsohuwa.

Mai wake da yawa ko masara, buhun PICS ɗin nan mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007 bayan binciken da aka faro a arewacin Kamaru, yana aiki ba tare da magani ba, iskar ciki ce ke ƙarewa ƙwaron ya mutu. Amma shi ma sharaɗinsa ɗaya ne, a busar tukuna. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne a bar zuba maganin ƙwarin nan Sniper da ire-irensa a wake, saboda sinadarin da ke cikinsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015, su sun ƙi ci mu kuma muna ba 'ya'yanmu. Irin da aka shafa wa jan magani irin su Apron Star kuma a rubuta a jiki a ɗaga shi sama, kar wata rana a wayi gari babu cefane yarinya ta wanke ta zuba a tukunya.

Sannan tun da ba a fafe gora ranar tafiya, sati biyu kafin zuba iri ka ƙirga ƙwaya 20 ka jera a jiƙaƙƙen tsumma ka naɗe ka sa a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan sati zuwa kwana goma ka buɗe. In 16 ko fiye sun fito to bismillah, in wajen 10 ne ka ninka yawan da za ka zuba, in 5 ne ka nemi wani tun da sauran lokaci. Na kasuwa ma haka za ka yi masa, ka sayi ɗan kaɗan ka gwada kafin ka zube kuɗinka, da na san wannan da mutumin can mai rantsuwa bai ci kuɗina ba. Akwai hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, mai sa tambari a jikin ingantaccen iri, amma mu da muke sayen awon gwangwani a bakin kasuwa tambarinmu shi ne tsumman nan.

Abin da ke ɗan sosa min rai shi ne irin da muka taso muka gani a hannun iyayenmu mata suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata Allah ya jiƙanta tana da wata kuɓewa gajera mai yauƙin gaske da take ajiyewa a ɗan gora ta toshe da toka da tsumma, duk shekara sai maƙwabta sun aiko a sam musu, bayan rasuwarta ba wanda ya kula, goran ya fashe gara ta cinye, na zaga ƙauyuka uku ban sake samun irinta ba. A Ibadan cibiyar binciken noma ta IITA na riƙe da nau'in wake sama da 15,000 a ɗakin sanyi, har can ƙasar Nowe a tsibiran Svalbard an haƙa rumbu a cikin wani dutse da ƙanƙara ta lulluɓe, tun 2008 ana ajiye iri na duniya a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, kuma wakenmu na cikin kayan farko da aka kai. Amma kuɓewar tsohuwata ba ta je Ibadan ba balle Nowe, a goran nan kaɗai take.

Don haka roƙona gare ka Malam Edita, sau biyu a shekara, farkon Maris da farkon Oktoba, ka aika ɗan rahotonka Samaru ko wajen malaman gona na KNARDA, hukumar raya noma ta jihar Kano, ya zauna da su su yi mana bayani da Hausa, da hotuna, amfanin gona ɗaya bayan ɗaya, kwana nawa ake shanya me, a me ake zubawa. Ya kuma shiga cikin gidaje da izini ya tambayi tsofaffin mata me ke cikin gorunansu ya rubuta sunayen tun suna raye. In ya biyo ta Kura ya tambayi mai kwalaben Bama, za a nuna masa gidana, akwai irin albasar bana da na gwada 18 suka fito cikin 20, zan ƙunsa masa kaɗan ya kai maka.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Naka mai karatu,
wani manomin lambu daga yankin Kura, jihar Kano